Ranar Da Aka Buɗe Wa Mandela Ƙofa Ya Ƙi Fita

Yau Nelson Mandela zan ɗauko mana. Kowa ya san murmushinsa da zaɓen 1994, ni kuma shekarar 1985 nake so mu tsaya a kai.

Ranar 31 ga Janairun 1985, shugaban Afirka ta Kudu P.W. Botha ya miƙe a majalisa ya ce zai saki Mandela bisa sharaɗi ɗaya: ya yi watsi da amfani da ƙarfi a gwagwarmayar siyasa. Lokacin shekararsa 66, kuma tun 1962 yake tsare. To ku duba abin da ya riga ya rasa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, ya nemi izinin zuwa binne ta, aka hana. A 1969 babban ɗansa Thembekile ya mutu a haɗarin mota, nan ma aka hana. Matarsa Winnie kuwa, tun 1977 gwamnati ta tasa ƙeyarta zuwa wani ƙaramin gari, Brandfort. Ƙaramar 'yarsa Zindzi ko shekara biyu ba ta cika ba aka kama shi.

Ni dai wallahi, da ya amince ya koma gida, ba ni da bakin da zan ce ya ci amana. Haƙƙin iyali ba abin wasa ba ne, kuma dattijo ne da ya riga ya ba da sama da shekara ashirin.

Amma ya ƙi. Hujjarsa ita ce ANC tana nan a haramce, baƙar fata ba shi da ƙuri'a, gwamnati kuma ba ta ajiye tata bindigar ba. In ya yarda shi kaɗai, an raba shi da ƙungiyarsa ke nan, an mayar da shi hoton talla. Kuma kun san wa ya karanta amsar? Zindzi. Ranar 10 ga Fabrairun 1985, a filin wasa na Jabulani da ke Soweto, yarinyar da ta tashi ba uba a gida ita ta tsaya gaban dubban mutane tana sanar da cewa babanta ba zai dawo yanzu ba. Wannan wajen ya fi tsaya min a rai. Sai da ya ƙara shekara biyar cur, aka sake shi ranar 11 ga Fabrairun 1990.

Akwai kuma batun Kaiser Matanzima, wanda ba a cika faɗa ba. Ɗan uwansa ne na jini. A al'adar Thembu ɗa yake a wurin Mandela duk da ya girme shi, kuma tare suka yi jami'ar Fort Hare. Shi ne ya karɓi mulkin Transkei, yankin da gwamnatin wariyar launin fata ta ware ta ce ƙasa ce mai 'yanci a 1976. An yi wa Mandela tayin a sake shi ya je can ya zauna, ya ƙi. Da Matanzima ya nemi ya ziyarce shi a tsibirin Robben kuwa, shi Mandela ya so ganinsa, ko don zumunci da fatan ya shawo kansa. Abokan zamansa na kurkuku suka ce a'a, gwamnati za ta nuna wa duniya kamar ya amince da Transkei ne. Bai gamsu da su ba, amma ya bi ra'ayinsu, ya aika wa ɗan uwan nasa cewa ba zai samu ganinsa ba.