Ina Ungulu Ta Tafi? Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Njamena

 

Duk wanda ya shiga ofishin gwamnati a nan Njamena zai ga tambarin ƙasar Cadi, wanda aka kafa a 1970, da akuya a gefe guda don Arewa, da zaki a ɗaya gefen don Kudu. Hukuma ma da dabba take bayyana kanta, kuma ba ita ta fara ba. A duwatsun Ennedi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi shekaru dubbai da suka wuce.

Kakanninmu sun bar mana irin wannan. Fulani suna ba da labarin Caanaba, macijin da shanu ke hannunsa, suna kuma cewa daga ruwa saniya ta fito. Maguzawa na da abin da suke kira kan gida, wato wata dabba, kamar maciji ko damo ko kada, wadda zuriya ba ta kashewa, ba ta kuma ci. Shamuwa kuwa, har yaro ya san ba a jifarta, don ita ke zuwa da albishirin damina. Musulunci ya raba mu da bauta wa abin halitta, alhamdu lillahi. Amma mu lura, waɗannan hane-hane sun tsare dabbobi masu amfani shekara da shekaru ba tare da ɗan sanda ba.

To, yau camfi ya juya ya zama ciniki. Ku tambayi dattawan da suka san mahautar Farcha yawan ungulun da ke sauka a da, ku gwada da na yanzu. Ana farautarta saboda kanta da ƙafafunta, ana sayar wa masu tsibbu, wai tana kawo sa'a ko sanin gaibu. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Mu ma da hannunmu a ciki, domin idan makiyayi ya zuba guba a mushe don ya kashe kura, ungulu ce ke fara sauka, su mutu da yawa a wuri ɗaya.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ita ke cinye mushe kafin ya ruɓe kusa da rijiya ko burtali, kafin karnuka da ƙudaje su raba cuta cikin garke. A Indiya, maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulu daga shekarun 1990, karnukan sake suka yawaita a kan mushe, sai da aka hana ba dabbobi shi a 2006.

Don haka roƙona uku ne. Kada mu sa guba a mushe. Kada mu sayar da ungulu, kada kuma mu nuna wa mai saye inda take kwana. Sa'an nan mu tambayi likitan dabbobi kafin mu yi wa shanu allurar kashe zafi. Dabbar da ake zaton saifa ta kashe kuwa, a binne ta da zurfi, kada a feɗe.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.