Man da ke Cikin Ƙwallo: Jawabi ga Iyaye kan Aduwa, Danya da Kaɗanya



Daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Daura zuwa Magarya, da wuya ku ratsa gonaki ba ku wuce gindin aduwa ba. Yaranku kan tsotse zaƙinta su yar da ƙwallon, alhali kuwa a cikinsa maiƙon yake. A kan wannan mai nake son mu tattauna, domin tsadar man kasuwa ta sa gidaje da dama sun koma miya ba maiƙo, kuma ƙananan yara ne suka fi jin jiki.

Cikin yaro ɗan wata takwas ƙarami ne. In kin cika shi da tsararon kunu, zai ƙoshi na ɗan lokaci, amma ƙarfin da ya samu kaɗan ne. Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, na garin gero kuwa bai kai 4 ba. Ƙaramin cokalin shayi na mai a kofin kunu yana ƙara kalori wajen 40 ba tare da ya cika masa ciki ba. Bayan haka, bitamin A da D da E da K a cikin mai suke narkewa. Zogale da kabewa da kike wahalar nemowa, in babu maiƙo a miyar, yawancin bitamin A ɗinsu wucewa yake yi, jiki bai amfana ba. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yake kuma raunana garkuwar yaro.

Idan aka fasa ƙwallon aduwa, ƙwayar da ke ciki kusan rabinta mai ne. Yawancin wannan mai na irin da ba ya daskarewa ne, dangin na gyaɗa da riɗi, kuma a cikinsa akwai wani nau'in maiƙo da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci. Ƙwayar tana da ɗaci ƙwarai, shi ya sa iyayenmu ke jiƙa ta su yi ta sauya ruwa, ko su tafasa, kafin a ci. Wajen fitar da mai, akan soya ta sama-sama, a daka ta yi laushi, a zuba a ruwan zafi har man ya taso a kwashe, sannan a mayar da shi wuta ruwan da ya rage ya ƙone. Wannan matakin ƙarshe shi ake yawan yi wa gaggawa, kuma man da ruwa ya saura a cikinsa ba ya daɗewa. Fasa ƙwallon aiki ne mai cin rai, ba na musu. Ya fi sauƙi in mata sun haɗu ƙungiya.

Danya tana da tata baiwar. Ƙwayoyin da ke cikin ƙwallon 'ya'yanta ƙanana ne, amma suna da daɗi kamar gyaɗa, ga maiƙo ga sinadarin gina jiki, kuma mansu yana jure ajiya. Ko ba ki tatsi mai ba, ki daka su ki zuba a kunu ko miya.

Kaɗanya ta fi yawa a kudu da mu, ta kasuwa manta ke iso mana. Da yawanku kun mayar da shi na shafawa kawai, alhali man girki ne tun kaka da kakanni, har masu yin cakulan a Turai suna sayensa. Yana daskarewa, don haka ya fi nauyi. Babba mai ƙiba ko ciwon zuciya ya taƙaita shi.

Sai dai ba kowane ƙwallo ne na tukunya ba. Man 'ya'yan kuka yana ɗauke da wani sinadari da bai dace a yawaita ci ba, ku bar shi ga fata da gashi. Man darbejiya kuwa, da na bini-da-zugu, guba ne. Man darbejiya ya sha jefa ƙananan yara cikin amai da jijjiga, wasu har suka rasu. Kada a ɗura wa yaro su da sunan magani.

Waɗannan mayuka ba su da bitamin A mai yawa a karan kansu, taimaka wa jiki suke yi ya karɓi na ganye. Manja ya fi su ta wannan fuska, don haka ku riƙa cakuɗawa in hali ya yi. Jariri kuma, har ya cika wata 6, nonon uwa zalla ne abincinsa, ba mai ba ruwa. Yaron da ya riga ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce ta kama shi, cokalin mai ba zai warkar da shi ba. Ku kawo shi asibiti a auna damtsensa, ko a wane gefen iyaka kuke.

Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta baƙanta, a zubar da ita, domin gubar fumfuna tana lalata hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Man da kuka tace, a zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa nesa da murhu. Ranar da warinsa ya sauya ko ya fara maƙaƙi a maƙogwaro, a mayar da shi na sabulu.