TABON DA BA YA JIN TAƁAWA
Jawabi a kan kuturta da waɗansu cututtukan fata

Ina gai da manoman Funtuwa da Bakori da Ɗanja, da na Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, da duk wanda wannan magana ta iske shi a inuwar disfensare yana jiran a kira shi.

Yau maganarmu a kan fata ce. Fata ita ce rigar da aka haifi kowa da ita, kuma ita ce takan fara ba da labari in wani abu ya ɓaci a jiki. Amma mu manoma ba mu cika kula da ita ba. Mutum ya ga tabo a bayansa ko a cinyarsa, in dai ba ya zafi, ba ya hana shi riƙon fartanya, sai ya ce ƙyasbi ne, ya ja riga ya rufe. Sau da yawa kuwa ƙyasbin ne. Amma fa wani lokaci farkon kuturta ne. To, abin da nake so mu koya yau shi ne yadda ake rarrabe su, da abin da likitoci suka gano da suka zauna suka yi bincike.

Uku da aka fi gani

Na farko ƙyasbi. Shi yakan fito a ƙirji da baya da wuya, ƙanana ƙanana, fari-fari, har su haɗu su yi faɗi. In ka kankare shi da farce za ka ga wani gari yana tashi kamar dusa. Yakan yi yawa lokacin zafi da gumi. Ba ya lalata jijiya, kuma akwai maganinsa na shafawa.

Na biyu makero. Shi yakan yi zobe, bakinsa a tashe, yana ƙaiƙayi, yana faɗaɗa. A kan yara yakan karya gashi ya bar fili. Yana bin aska da mataji da hula, saboda haka a riƙa tsabtace askar wanzami tsakanin yaro da yaro. Na jiki yakan ji maganin shafawa, amma na kai sai an haɗa da na sha, makonni da dama.

Na uku ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya ganinsa sosai, yakan haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu. In ta shiga gida ko makarantar allo, ba a yi wa mutum ɗaya magani a bar saura. Duk masu kwana tare a shafa musu rana ɗaya, a wanke tufafi da mayafi da ruwan zafi, a shanya a rana. Kada a raina ta, gama in susa ta kawo ruwa a ƙurajen, wata ƙwayar cuta takan shiga, har ta taɓa ƙodar yaro, a ga fuskarsa ta kumbura. Domin haka a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan da aka daɗe ana sakaci da su.

Ku lura da abu ɗaya. Makero da ƙazuwa suna ƙaiƙayi, ƙyasbi yana gari, kuma duk ukun in an taɓa wurin mutum yana ji. Tabon kuturta ya saɓa da su.

Yadda tabon kuturta yake

Shi ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, ba ya gari. Launinsa yakan fi sauran fata haske, ko ya yi ja-ja kamar tagulla. Gashin wurin yakan zube. Sau da yawa ba ya gumi: mutum na huɗa da rana tsaka, duk jikinsa sharkaf, amma wurin nan a bushe. Babbar alama kuwa ita ce wurin ba ya jin taɓawa yadda ya kamata.

Abin gwajin nan kuwa muna da shi a gonakinmu, gama ƙasar Funtuwa ƙasar auduga ce. Malamin asibiti yakan ɗauki ɗan sili na auduga ya murza bakinsa. Ya fara taɓa lafiyayyar fata idon mutum a buɗe, ya ce, "Duk inda ka ji, nuna mini da yatsa." Sa'an nan ya ce ya rufe ido. Ya taɓa lafiyayyen wuri, ya taɓa tsakiyar tabo, ya sake, ya sake. In mutum yana nuna ko'ina daidai amma ban da cikin tabon, to, magana ta fito. Daga nan malamin zai lallatsa jijiyoyi, ta bayan gwiwar hannu, da ta gefen gwiwar ƙafa, da ta wuya, ya ji ko sun yi kauri ko suna zafi. Wani lokaci a ɗan tsaga fatar kunne a ɗebi ɗan ruwa a duba a madubin likita.

Kuna iya gwada audugar nan a gida, amma kada ku tsaya nan. Akwai irin kuturtar da ba ta fara da tabo sosai: fuska ta yi ta sheƙi, kunne ya yi kauri, gira ta zube, hanci ya riƙa toshewa. Wani kuma hannunsa ko ƙafarsa ne za su riƙa yin dindiris. Duk waɗannan sai malamin asibiti ya gani.

Abin da bincike ya nuna

Dā mutane suna ta faɗi. Waɗansu su ce gado ce, waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ɗora wa wani abinci. A 1873 wani likita mai suna Hansen, a birnin Bagen na ƙasar Norwe, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita. Tun daga nan aka san ƙwaya ce ke kawo ta. An gano tana fita ta hanci da baki daga wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin ta kama wani. Gaisawa da hannu ko zama kan tabarma ɗaya a kasuwa ba sa kawo ta. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Tana da nawa ƙwarai: takan yi shekara biyar a jiki kafin ta nuna, wani ma har ashirin. Abin da ya sa akan ga ta bi gida ɗaya har a ce gado ce, zaman tare ne.

Maganinta kuwa, ƙasarmu tana da hannu a ciki. A Uzuwakoli, can gabashin Nijeriya, Likita John Lowe ya gwada ƙwayar dafson ta sha, kaɗan kaɗan, ya ga tana warkarwa, ya buga sakamakon a 1950. Ƙwaya ce mai araha. Saboda haka a shekarun 1950, a nan Arewa, Likita Ross ya shirya yadda za a riƙa raba ta a ƙananan wuraren shan magani na ƙauyuka. Kafin nan mai ciwo sai ya bar gonarsa da iyalinsa ya tafi zama irin su Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Bayan haka ya zama yana iya karɓar magani ya koma ya kwana gidansa.

A farkon shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aiko likitoci Lardin Katsina, wanda a lokacin ya haɗa har da Funtuwa da Malumfashi. Ba su zauna asibiti suna jiran masu ciwo ba. Sun zaɓi wurare ba da son rai ba, kamar yadda ake jefa ƙuri'a, suka duba mutanen wurin, mai tabo da marar tabo, domin a san yawan cutar na gaskiya. Sun yi irin wannan a Kamaru da Tailan, aka buga rahoton a 1966. A shekarun 1970 kuma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka zauna a Malumfashi, suka ƙidaya mutane gida gida, suna binciken zazzaɓin sauro da tsargiya da saran maciji. Dattawanmu da suka ba da haɗin kai a wancan lokaci, da su aka sami ilmin da ake amfani da shi yau.

A Uzuwakolin nan dai Likita Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada wani magani, kilofazimin, suka ba da rahoto a 1962. Da tafiya ta yi tafiya aka ga ƙwayar cuta ta fara gagarar dafson in an sha shi shi kaɗai. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna: dafson, da rifamfisin, da kilofazimin. Tun 1995 ake ba da su kyauta a duk duniya. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu karɓar magani ba su kai mutum ɗaya cikin 10,000 ba. Amma kada wannan ya ruɗe ku, cutar ba ta ƙare ba. Har yanzu kowace shekara ana samun sababbin masu ita a ƙasar nan fiye da dubu, cikinsu har da yara.

Wani bincike da aka yi a Bangaladash, aka buga a 2008, ya nuna in aka ba mutanen da ke zaune da mai ciwon rifamfisin sau ɗaya tak, masu kamuwa cikinsu suna raguwa da fiye da rabi cikin shekara biyu na farko. A 2018 Hukumar ta amince da wannan. Shi ya sa in malamin asibiti ya ce a kawo mutanen gida a duba su, kada a ɗauka tonon asiri ne.

Yatsu ba sa zubewa da kansu

Ga abin da ya fi ba mutane tsoro. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Belo ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ƙwayar cutar ba ta cin yatsu. Jijiya take lalatawa, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi. Zafi kuwa shi ne mai gadin jiki. Manomi ya yi ta noma, ƙotar fartanya ta yi masa bororo, bai ji ba. Ya taka ƙaya ko kututturen kara, ya yi ta tafiya a kai. Mace ta sauke tukunya da hannu ta ƙone, ba ta sani ba. Miki ya ruɓe, ya kai ƙashi, yatsa ya gajarce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya fara magani tun yana da tabo ɗaya ko biyu, galibi yakan warke da hannuwansa cif, ba wanda zai san ya taɓa yi. Jijiyar da ta daɗe da mutuwa kuwa da wuya ta dawo.

Wanda hannunsa ko ƙafarsa ta riga ta daina ji, kullum da yamma ya duba su da ido. Ya jiƙa su cikin ruwa, ya goge kanta a hankali, ya shafa man gyaɗa ko man kaɗanya. Kada ya fita ba takalmi. Ya naɗa tsumma a ƙotar fartanya. Mace ta riƙa sauke tukunya da tsumma mai kauri. In miki ya fito, a huta da wurin, a kai asibiti.

Yadda ake shan maganin

Mai tabo ɗaya zuwa biyar yakan sha wata 6. Wanda nasa ya fi biyar, ko aka ga ƙwaya a madubi, wata 12. Sau ɗaya a wata yana zuwa ya sha a gaban malami, ya karɓi na gida. Da zarar ya fara sha, ba da daɗewa ba ya daina ba wani. Don haka babu dalilin ware masa ƙwarya, ko raba shi da matarsa, ko hana ɗansa makaranta.

Kada ya firgita in fitsarinsa ya yi ja ranar shan na wata, ko fatarsa ta ƙara duhu. Duk za su wuce. Amma in ya ga zazzaɓi da ƙuraje ko'ina, ko idonsa ya yi rawaya, ya tsai da maganin ya je asibiti a ranar. In kuwa tabo ya kumbura, ko jijiya ta kama zafi, ko hannu ya fara rauni, ko ido ya ƙi rufuwa, wannan ma na gaggawa ne, akwai maganin da ke ceton jijiya in an zo da wuri.

Abin da za ku riƙe

1. Tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓawa, a kai shi disfensare cikin makon nan, kada a jira a gama girbi.
2. Kada a tsaga shi, kada a ƙona shi, kada a shafa masa man bilicin. Waɗannan suna ɓoye alama, malami ya kasa ganewa.
3. Uwa ta riƙa duba bayan yaranta in tana yi musu wanka. Miji da mata su duba wa juna, gama ba mai ganin bayansa.
4. Maganin kuturta kyauta ne, a sha shi har ƙarshe, ko da tabo ya ɓace.
5. Wanda ya gama magani ya warke, a daina kiransa da sunan cutar.

Masu unguwa da limamai da malaman makaranta, muna roƙonku ku isar da wannan ga waɗanda ba su ji ba. Nan za mu tsaya yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Ku huta lafiya.