Ji da Gani: Yadda Wani Ɗalibin Kalkata Ya Mallaki Addinin da Ya Gada



Maganarmu ta yau ta shafi mutanen Indiya da addinin Hindu, kuma tambaya ɗaya ce tak: yaushe ne koyarwar da mutum ya gada take zama tasa ta kansa? Ba mu zo yabon wannan addini ko kushe shi ba. Mun zo ne mu ga yadda masu shi suka yi kokawa da tambayar, domin kuwa sun daɗe suna yi.

Malaman Vedanta, ɗaya daga cikin manyan mazhabobin falsafar Hindu, sun kasa neman sani mataki uku. Na farko shravana, wato sauraro daga bakin malami. Na biyu manana, wato jujjuya abin da aka ji a zuci, da tuhumarsa, har shakka ta ƙare. Na uku nididhyasana, zurfafa tunani a kansa har ya zauna a jikin mutum. Tushen wannan yana cikin littafin Brihadaranyaka Upanishad, inda Yajnavalkya yake karantar da matarsa Maitreyi. Ku lura fa, shakka a nan ba laifi ba ce, aiki ce da aka ɗora wa almajiri.

Wanda ya fi fito da wannan fili a zamanin baya-bayan nan shi ne Narendranath Datta, wanda duniya ta sani da Swami Vivekananda. An haife shi a Kalkata a 1863, ya yi karatun boko a wata kwalejin mishan, ya sha littattafan Hume da Mill da Spencer, har ya shiga ƙungiyar Brahmo Samaj mai ƙyamar bautar gumaka. Ɗalibi ne irinmu, mai gardama. Ya riƙa bin malamai yana tambayarsu ko sun taɓa ganin Ubangiji da kansu, ba ya samun amsar da ta gamsar da shi, sai a wajen Ramakrishna, wani mai hidimar ɗakin bautar Kali a Dakshineswar wanda karatunsa bai taka kara ya karya ba. Sun fara haɗuwa a 1881. Shi ya amsa masa da cewa ya gani, kuma kowa ma yana iya gani in ya nema da gaske.

Kada mu ɗauka nan take ya miƙa wuya. Masu rubuta tarihinsa sun ce ya yi wa koyarwar dariya, musamman batun cewa kome da kome abu ɗaya ne da Brahman, har ya yi ba'a da tulu da ƙoƙo. Malamin kuwa bai hana shi ba, ƙarfafa masa gwiwa ma ya yi ya gwada shi kamar yadda ɗan canji yake gwada kuɗi. Abin da ya sauya shi bai fito daga littafi ba. A 1884 mahaifinsa ya rasu ya bar bashi, gida ya shiga yunwa, ga shi da digiri yana yawon neman aiki ba ya samu. An ce sau uku yana shiga ɗakin Kali don ya roƙi abin masarufi, duk sau ukun ya fito bai roƙi kome ba sai sani da sallamawa. Ramakrishna ya rasu a 1886. Shekara bakwai bayan haka, a 1893, almajirin nan ya tsaya a Taron Addinan Duniya a Shikago ta Amurka yana bayyana addinin da dā yake tuhuma, sa'an nan a 1897 ya kafa Ramakrishna Mission, wadda har yau take gudanar da asibitoci da makarantu.

To, amma akwai inda gizo yake saƙa. Vivekananda ya koyar da cewa littattafan Veda rahoto ne na abin da magabata suka ɗanɗana, kuma sai mutum ya ɗanɗana da kansa zai tabbatar. Masana irin su Anantanand Rambachan sun nuna cewa wannan ba shi ne matsayin Shankara ba, babban malamin Advaita na wajen ƙarni na 8, wanda a wurinsa nassin kansa ne hanyar sanin Brahman. A ganinmu wannan suka tana da nauyi, domin zuciya takan ruɗi mai ita, kuma mutane da yawa a Turai da Amurka sun ɗauki kalmar ɗanɗano sun mai da ita hujjar tsallake karatu. Narendranath bai tsallake ba. Kusan shekara biyar ya yi yana zuwa wajen malamin yana gardama da mutum ɗaya, bayan rasuwar malamin kuma ya zauna a Baranagar da 'yan'uwansa almajirai suna bitar littattafan Sanskrit, kafin ya fita yawon Indiya.