JAWABI GA HAKIMAN ƘASAR KARAYE DA ROGO DA MALAMANSU A KAN MAZAUNIN KUNKURU

 Tun kaka da kakanni a kan ajiye babban kunkuru a gidajen sarauta da na attajirai a ƙasar Hausa. Amma da yawa daga cikinsu su kan mutu tun kwanansu bai kai ba, abin da ya ke jawo haka kuwa galibi rashin mazauni mai kyau ne.

Da fari ya kamata a san asalinsa. Wannan kunkuru ba kififiya ba ne irin wadda masunta su ke kamawa a madatsar ruwan Challawa, shi bai iya iyo ba ko kaɗan. Dabbar busasshiyar ƙasa ce ta bakin hamada, daga Senegal har zuwa Habasha. In an ɗebe na wasu tsibirai na teku, duk duniya babu kunkurun tudu da ya kai shi girma. Ya kan haura kilo 40, ya kan kuma yi shekara 70 ko fiye. A daji rami ya ke haƙawa mai zurfi, ya fake daga zafin rana da sanyin dare. To, ƙasar Karaye da Rogo ta fi mahaifarsa ruwan sama nesa ba kusa ba. Saboda haka manyan abokan gabansa a nan biyu ne, watau laimar watan Agusta da sanyin hunturu na Disamba da Janairu. Su ne ke sa masa mura da ruɓewar ƙoƙon ciki.

Mazauninsa na waje shi ne na farko. A zaɓi wuri mai tudu da jigawa inda ruwa ba ya kwanciya, mai rana da hantsi, mai inuwa da azahar. A kewaye shi da katanga wadda tsawonta bai gaza ƙafa 2 ba, a kuma nutsa tushenta ƙafa 1 ko 2 cikin ƙasa. Danga ko zana ba su tsare shi, gama duk abin da ya hango bayansa sai ya tura. Kada a haɗa shingen da bangon ɗakin kwana ko rumbu, domin haƙarsa ta kan kwaɓe gindin gini, damina ta zo ta ƙarasa. A nisanta shi da rijiya da masai da kududdufi, a riƙa tsince leda, don ya kan haɗiye ta. Ruwan sha a zuba masa a kasko marar zurfi. Maza biyu kuwa ba su zama wuri ɗaya: ɗaya ya kan kifar da ɗan'uwansa, in ba a gani da wuri ba rana ta kashe shi.

Na biyu shi ne ɗaki. A gina masa ɗan ƙaramin ɗaki cikin shingen, a ɗaga daɓensa sama da tsakar gida, a zuba busasshen yashi, a shimfiɗa ciyawa, a yi jinka wadda ba ta yoyo. Ƙofar ta dubi yamma ko kudu, gama hadari daga gabas ya ke tasowa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas. Daren sanyi a rufe ƙofar da buhu ko asabari. Kada a kai masa garwashi, zai ture shi ya ƙone.

Ƙananan 'ya'ya su ne masu bukatar zama cikin gida. A sa su a faffaɗan akwati mai yashi a zaure ko shigifa, inda ɓera da kare da kwarkwasa ba su kai gare su. Kowace safiya a fitar da su su sha hantsi, da mai tsaro saboda shaho da hankaka. In ba su samu rana ba ƙoƙonsu ya kan yi laushi ya karkace.

Akwai wata al'ada da ta wajaba a bari, watau huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, da jini da jijiya a cikinsa. Malamai sun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ba.

Daga ƙarshe, wannan dabba tana ƙarewa a daji saboda kamu da ƙarancin makiyaya. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don ciniki, a 2021 kuma aka sa sunanta cikin dabbobin da a ke tsoron ɓacewarsu. Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada a sayi sabon kamu. Malamai kuma, in sun fita rangadi, su rubuta gidajen da ke da kunkuru, su duba mazauninsa kafin ruwa ya sauka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.