Immigrant da Emigrant: Jawabi ga Ɗalibai 'Yan Asalin Zango



Kalmomi biyu na Ingilishi muke so mu tsaya a kansu yau, watau immigrant da emigrant. A bakin mai saurin magana da ƙyar ake rarrabe su, shi ya sa akawu kan rubuta wannan a gurbin waccan. Tushensu ɗaya ne a harshen Latin, kalma ce mai nufin ƙaura. Farkonsu ne ya raba su: "im" shiga, "e" kuwa fita.

A ce manomi ya kwashe iyalinsa daga Magarya ya zo ya zauna Zango. A takardun Nijar emigrant ne, don ya fita. A takardun Nijeriya immigrant ne, don ya shigo. Mutum ɗaya, tafiya ɗaya, sai dai a wane gefen iyaka marubucin yake tsaye. Hausa ta hutar da mu wajen nan, tun da ta haɗa ma'anonin biyu cikin sunan Hukumar Shige da Fice.

Mu mutanen Zango, batun nan ya wuce na cin jarrabawa. Iyakar da ke kusa da mu Ingila da Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ta ratsa dangi da gonaki da hanyoyin fatake. Wanda ya ƙetaro cin kasuwa ya koma da yamma ba ya cikin ko ɗaya, domin kalmomin biyu na mai niyyar zama ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma, lokacin da Nijar take cikin ƙungiyar, ta yarje masa kwana 90 ba tare da biza ba. Ɗan cin rani kuwa migrant ne kurum.

Da yawa daga cikinmu za mu zauna a ofisoshin da ake rubuta takardun shaidar asali, saboda haka mu san nauyin kowace a shari'a. Ɗan Nijeriya da ya zama emigrant yana nan ɗan ƙasa, ya dawo ran da ya ga dama. Wanda aka rubuta immigrant baƙo ne, doka na iya fitar da shi.

An ga haka a Borno. Cikin Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar, ɗan jam'iyyar GNPP, aka kai shi Chadi da takardar Ministan Harkokin Cikin Gida wadda ta sa shi cikin jerin immigrant da aka haramta wa zama. Da gangan aka zaɓi kalmar, domin Tsarin Mulkin 1979 ya hana korar ɗan ƙasa. Sai da Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar ɗan Nijeriya ne, ta soke umurnin, kana ya sami 'yancin komawa gidansa.