Ina Za A Ɓoye Mai Shaida?



Tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya. A 1982 kuma Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri cikin Turmin Danya. Roƙonmu ga ma'abota alƙalami shi ne su gama hanyoyin nan biyu, su rubuta wa ƙannenmu ƙagaggen labarin kimiyya wanda jaruminsa ya ga abin da miyagu ba su so a gani.

A ce yaron ɗan Sandamu ne. Yana koro awaki da almuru, sai ya ga wata ƙungiya tana sauke makaman da aka tsallako da su ta wajen Kwangwalam, ya shaida wa hukuma. To, ina za a ɓoye shi?

Marubuci mai gaggawa zai ɗora shi a kumbo, ko na'ura ta sauya masa kama, shi ke nan. Ba a rasa madogara ba. Amurka, bisa dokar 1970, takan sauya wa mai shaida suna da gari. A nan gida ma, sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya yarda a sakaya sunansa, ya yi magana a bayan labule ko ta bidiyo, a laifuffuka irin su ta'addanci da fataucin mutane.

Amma fa a ƙasar Daura ba da suna kaɗai ake sanin mutum ba. Da gidansu ake saninsa, da gonarsu, da sahun da mahaifinsa ke tsayawa a masallaci. Yaro ya ɓace ran Talata, kafin Juma'a gari ya san bakin da ya yi magana. Mahaifiyarsa ba ta shiga kumbon ba, tana nan cikin gida. Mahaifinsa kuwa dole ya ci kasuwar Mai'adua, kuma hanya ɗaya ce.

A nan labarin yake, ba a duniyar wata ba. Marubuci ya ƙera na'urar da ya ga dama, amma ya faɗa mana wanda ke riƙe da mabuɗinta, da nawa ne albashinsa, da abin da ya ce daren da aka yi masa sallama da jakar kuɗi. Wannan akawu kada a bar shi babu suna. Da yawanmu a zauren nan kujerarsa muke karatun hawa.